Bin Sawun Kwalara a Titunan Landan

Famfon yana tsaye a gefen titin Broadwick, cikin unguwar Soho da ke tsakiyar Landan, kuma wanda ba a faɗa wa ba zai iya wuce shi bai ko waiwaya ba. Baƙin ƙarfe ne, ya ɗara mutum tsawo, yana da bakin zubo ruwa amma babu hannun bugawa. Daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Oxford Circus muka tako, ni da yayata mai aikin jinya a ɗaya daga cikin asibitocin birnin. Muka ratsa titin Carnaby da shagunansa na sutura, muka karya hagu, sai ga shi a gabanmu. Motoci suna ta sauke kwalaye a ƙofar kantuna, ma'aikata sun fito cin abincin rana, kowa sauri yake yi.

Wannan ba shi ne na asali ba. An ƙera shi a 1992 don tunawa, aka ɗauke shi lokacin da ake wani gini, aka dawo da shi a 2018 daf da inda na farkon ya tsaya. Gurbin rijiyar kuwa wani dutse ne ja-ja da aka saka cikin jerin duwatsun bakin titi, sai ka sunkuyar da kai za ka bambance shi da sauran. Ginin da ke kusurwar mashaya ce mai ɗauke da sunan John Snow, likitan da ya sa duniya ta san wannan wuri. Ba mu shiga ba. Shi mutumin tun yana saurayi yake kiran jama'a su bar giya su sha tsabtataccen ruwa, kuma da za a tambaye ni, wurin shan ruwa kyauta ne ya dace a gina da sunansa a wannan kusurwa.

A 1854 sunan titin Broad, kuma Soho ba unguwar gidajen abinci da kamfanonin fim ba ce kamar yau. Unguwar talakawa ce mai cunkoso: teloli, dukawa, leburori, 'yan gudun hijira daga ƙasashen Turai, iyali guda a ɗaki guda. A wannan titi kaɗai gidaje 49 ne, masu kwana a cikinsu sun kusa 900. Akwai garken shanu da mayanka a tsakanin gidaje, kuma a gindin gidaje da yawa akwai ramin masai da ba a kwashewa sai ya tumbatsa. Daren Alhamis 31 ga Agusta kwalara ta ɓarke. Cikin kwana uku mutum 127 sun rasu. Kafin 10 ga Satumba an kai 500, daga ƙarshe aka ƙirga 616. Waɗanda ke da ƙafar gudu suka tsere, unguwar ta kusa zama kufai.

Yaya ta san cutar da idonta tun tana ɗalibar jinya a gida. Muna tsaye a wurin ta ce, "Auta, mutum zai wayi gari yana tafiya da ƙafarsa, kafin la'asar idonsa ya zurma, fatar yatsunsa ta yamutse, muryarsa ta dishe. Abin da ke fita daga jikinsa kamar ruwan wankin shinkafa yake. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe shi. Kuma hankalinsa yana nan daram, yana kallonka, ya san abin da ke faruwa da shi."

Likitocin wancan zamani ba jahilai ba ne, amma kusan dukkansu sun tafi a kan cewa iska ce ke ɗauke da annoba: tururin ruɓaɓɓun abubuwa da warin masai da na maƙabarta su ne ke shiga huhu su zama cuta. Ra'ayin yana da hujjar da ido ke gani, domin inda ɗoyi ya fi yawa nan gawa ta fi yawa. Edwin Chadwick, wanda rahotonsa na 1842 a kan halin tsabtar talakawan Birtaniya ya share hanyar dokar kiwon lafiyar jama'a ta 1848, ya yarda da haka har cikin ransa. Don a kori wari daga gidaje sai aka shiga kora ƙazantar masai cikin kwatoci zuwa kogin Thames, kogin da kamfanoni ke ɗebo ruwan sha su sayar wa mutanen birnin. Annobar 1848 zuwa 1849 ta kashe sama da mutum 14,000 a Landan.

John Snow ɗan lebura ne daga York, an haife shi a 1813, yana shekara 14 aka kai shi koyon aiki wajen wani likita a Newcastle. Kwalara ta taso daga yankin Bengal na Indiya a 1817, ta bi hanyoyin fatake da sojoji da jiragen ruwa, zagayenta na biyu ya kai ta tashar ruwan Sunderland a 1831. Ba a jima ba aka tura Snow ya kula da masu haƙar kwal a Killingworth, inda ya ga ƙarti suna faɗuwa a bakin rami. Daga baya ya zama gwanin sa barci lokacin tiyata, shi ya shaƙa wa Sarauniya Victoria kulorofom a 1853 da za ta haifi ɗanta Leopold. Mutumin da sana'arsa ita ce auna abin da ke shiga huhu ya san halin iska fiye da kowa, kuma ya ga labarin wari bai zauna ba. Idan shaƙa ake yi, me ya sa ciwon ba ya farawa daga ƙirji? Daga ciki yake farawa, to lalle ta baki ya shiga. A 1849 ya buga ɗan littafi yana cewa wani abu ne mai hayayyafa da ke fita cikin bayan gidan marar lafiya, ya koma cikin mai lafiya ta hannu ko abinci ko ruwa. Aka karanta, aka ce hasashe ne.

Gidansa yana titin Sackville, ba nisa daga nan, don haka da annobar ta ɓarke da ƙafa ya zo. Ya ɗebi ruwan famfon ya duba, bai ga wani abin a zo a gani ba, hasali ma ruwan Broad ya yi suna a unguwar wajen sanyi da daɗi. Sai ya bar ruwan ya koma kan matattu. Ya karɓo jerin mutum 83 da aka yi wa rajistar mutuwa a kwana ukun farko, da adireshin kowa, ya shiga gida-gida yana tambayar masu makoki daga ina mamacin ke shan ruwa. Goma ne kawai gidajensu suka fi kusa da wani famfo daban. Biyar daga cikin goman, iyalansu suka ce ai can Broad suke aikawa don sun fi son ruwan. Uku yara ne da makarantarsu ke kusa da famfon.

Muka bi sawunsa zuwa titin Poland, wanda ya ɓalle daga Broadwick ya yi arewa. A nan gidan gajiyayyu na gundumar yake a da, mutum 535 a cunkushe, tsofaffi da marayu da marasa galihu, gidajen makoki sun kewaye su ta kusan kowane gefe. Da iska ce da sai dai a kwashe su da amalanke. Biyar suka rasu. Gidan yana da rijiyarsa a ciki. A kan titin Broad ɗin kansa akwai kamfanin giya mai ma'aikata sama da 70, ba wanda ya mutu, domin ba sa zuwa famfon titi, kuma su ma da rijiyarsu. Kusa da su akwai masana'antar kayan harsashi ta 'yan gidan Eley, wadda kullum ake cika mata randuna biyu daga famfon. Cikin ma'aikata kusan 200, mutum 18 suka tafi.

Labarin mahaifiyar masu wannan masana'anta shi ya fi tsaya mini a rai. Susannah Eley ta bar Soho ta koma Hampstead, kan tudu, inda iska ke kaɗawa kuma ba a ga kwalara ba. Amma ta saba da ruwan Broad, don haka 'ya'yanta suka riƙa aika mata babbar kwalba a keken doki. Ta sha wanda aka ɗebo ranar Alhamis, ranar Asabar ta rasu. Wata 'yar ɗan'uwanta da ta kawo mata ziyara ta sha, ta koma gidanta a Islington, ita ma ta rasu. 'Ya'ya ne suka so faranta wa uwarsu, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin kwalbar.

Daren 7 ga Satumba Snow ya tsaya gaban dattawan gundumar St James ya karanta musu abin da ya tattara. Washegari aka cire hannun famfon. A nan yawancin masu ba da labari ke tsayawa, su ce daga nan annoba ta mutu. Ba haka aka yi ba, kuma Snow da kansa ya rubuta cewa cutar ta riga ta fara lafawa kafin a taɓa famfon, ga shi mutane sun gudu. Dattawan ma ba yarda suka yi ba, sun dai rasa abin yi ne. Da ƙura ta lafa aka mayar da hannun. Taswirar da ta shahara, mai baƙin layi ɗaya ga kowace gawa a ƙofar gidan da ta fito, sai a watan Disamba Snow ya nuna ta ga ƙungiyar masu nazarin annoba ta Landan. Kwamitin masana na gwamnati ya duba hujjarsa a 1855 ya yi watsi da ita.

Mun tsaya cin abinci a kasuwar titin Berwick, inda ake sayar da 'ya'yan itace da girke-girken ƙasashe a rumfuna. A bakin wannan titi cocin St Luke yake kafin a rushe shi, kuma a nan mutum na biyu a labarin ya yi aiki. Henry Whitehead ƙaramin limamin cocin ne, shekarunsa 28, kuma a makon annobar bai zauna ba, daga ɗakin mai mutuwa sai ɗakin mai mutuwa. Da ya ji zancen famfo bai yarda ba ko kaɗan, shi da ya ga marasa lafiya sun sha ruwan sun warke. Ya shiga bincike da niyyar ƙaryata likitan. Yana da abin da Snow ba shi da shi: ya san kowa da sunansa, ya san wanda ya gudu da inda ya koma, kuma ana buɗe masa ƙofa. Ya bi mutanen titin har ya samu labarin kusan 500. Cikin 137 da suka sha ruwan famfon, 80 sun kamu. Cikin 299 da ba su sha ba, 20 ne suka kamu. Ya kuma lura cewa tsofaffin da ke zaune su kaɗai a saman bene sun tsira, domin ba su da yaron da za su aika ɗebo ruwa.

Shi ne ya gano tushen abin. Yana duba takardun mutuwa sai ya ci karo da wata jaririya 'yar wata biyar a gida mai lamba 40, wadda ta fara gudawa kwanaki kaɗan kafin annobar ta ɓarke. Ya je wurin uwar, Sarah Lewis. Ta ce ta riƙa jiƙa tsummokin yarinyar a bokiti, ta zuba ruwan a ramin masai da ke gaban gidan. A watan Afrilu na 1855 aka haƙa wurin. Tubalan ramin sun ruɓe, ƙazanta na tsiyaya, kuma tsakaninsa da bangon rijiyar bai kai ƙafa uku ba. Mijin matar, ɗan sanda, ya kwanta ciwo a ranar da aka cire hannun famfon, ruwan wankinsa kuma cikin ramin nan ya tafi. Ke nan cire hannun bai kashe wutar farko ba, amma mai yiwuwa ya hana ta biyu tashi. Whitehead ya fito fili ya ce Snow ne ke da gaskiya, ya kuma tsaya a kan haka har ƙarshen ransa. Ina girmama wannan malami ƙwarai. Neman hujjar kare abin da ka riga ka yarda da shi abu ne mai sauƙi, amma ka nemo hujjar da ta kayar da kai ka kuma ɗauke ta ka kai gaban jama'a, ba kowa ke iyawa ba.

Daga Soho muka gangara ta Covent Garden zuwa titin Strand, muka shiga Somerset House, wani ƙasaitaccen gini mai fili a tsakiya inda yara ke wasa cikin ruwan da ke tsartuwa daga ƙasa. Yanzu wurin baje kolin zane-zane ne. A da nan ne babban ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma daga nan jerin mutum 83 ɗin nan ya fito. Tun 1837 ake rubuta mace-macen Ingila, da shekarun mamaci da wurin da ya rasu da abin da ya kashe shi. William Farr, likitan da ya koma ma'abocin lissafi, shi ke tattara alƙaluman, kowane mako a buga na Landan kowa ya gani. Farr ɗan ɓangaren iska ne. A rahotonsa na 1852 ya nuna cewa mutuwa na ƙaruwa gwargwadon yadda unguwa ta gangara kusa da kogi, ya ɗora laifin a kan tururin kwari. Duk da haka bai hana Snow takardu ba, har ma daga ƙarshen 1853 ya fara nuna kamfanin da ke ba kowace gunduma ruwa a cikin rahoton mako.

A ganina wannan gini ya fi famfon muhimmanci. Likita mai kaifin basira ana samunsa a kowace ƙasa. Amma ba zai iya ganin hanyar da cuta ke bi ba sai an rubuta masa waɗanda ta kashe, da inda suka kwana, kuma a kan lokaci. Ilimin bin diddigin annoba daga wannan littafi ya tsiro.

Muka haye gadar Waterloo zuwa kudancin kogi, inda Snow ya yi aikin da shi kansa ya fi ɗauka da girma. Kamfanoni biyu ne ke sayar da ruwa a unguwannin Lambeth da Kennington da kewaye, kuma saboda tsohuwar gasa bututunsu suna kwance a titi ɗaya, wannan gida na wannan kamfani, maƙwabcinsa na wancan. Kamfanin Southwark da Vauxhall yana ɗiba a Battersea, cikin ruwan da ƙazantar birni ke kai-komo. Kamfanin Lambeth kuwa a 1852 ya mayar da wurin ɗibarsa can sama, Thames Ditton, inda kwatocin Landan ba su kai ba. Mutum kusan 300,000, masu kuɗi da talakawa, suna shaƙar iska ɗaya, ruwa kawai ya raba su, kuma yawancinsu ba su san wanda suke sha ba. Snow ya bi gidajen mamata yana neman rasit. Inda 'yan haya ba su san kamfanin ba sai ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba ya auna gishirinsa, domin na Battersea ya fi gishiri nesa ba kusa ba. A makonni bakwai na farkon annobar 1854, cikin kowane gida 10,000 na Southwark da Vauxhall mutum 315 suka mutu. Na Lambeth, 37.

Ya buga wannan a 1855, masu faɗa a ji suka yi kunnen uwar shegu. Ya rasu a watan Yuni na 1858 yana da shekara 45. Mujallar likitoci ta Lancet ta ba da sanarwar rasuwarsa a layuka kaɗan ba tare da ambaton kwalara ba, sai a 2013 ta buga gyara.

A wannan bazarar da ya rasu zafi ya tsananta, kogin ya ja baya, ɗoyinsa ya cika majalisar dokoki har ana jiƙa labule da sinadarin farar ƙasa. Abin da gawarwakin talakawa ba su yi ba hancin 'yan majalisa ya yi: cikin kwana 18 aka zartar da dokar ba da kuɗin gina magudanai. Da muka dawo arewacin kogi muka bi faffaɗan titin Victoria Embankment, Yaya ta ce in sani a kan aikin muke tafiya. Injiniya Joseph Bazalgette ya datse bakin kogin ya cike shi, ya binne babbar magudana a ciki, wadda ke tare ƙazantar da ke gangarowa ta karkata ta gabas kafin ta faɗa ruwa. Manyan magudanai mil 82 ya gina, da ƙananan na cikin tituna kusan mil 1,100, da jan bulo sama da miliyan 300. Mutum-mutumin kansa yana manne a bango kusa da gadar Hungerford, ƙarami ne, masu wucewa ba sa kula shi. Waɗanda suka ba da kuɗin wari suke so su kora. Amma da suka raba kashi da ruwan sha, cutar ta rasa hanya.

Washegari ni kaɗai na hau jirgi zuwa Abbey Wood, can gabas, na ƙarasa Crossness inda magudanar kudu ta ƙare. An buɗe tashar tura ƙazanta da ke wurin a 1865. Daga waje ginin tubali ne a cikin fadama, warin aikin da har yau ake yi a maƙwabtansa yana tarbar baƙo. Ciki kuwa ƙarfe ne da aka yi wa ado da furanni da fenti ja da kore da ruwan zinariya, a tsakiya ga injinan tururi huɗu masu sunayen gidan sarauta. Ƙafar juyawar kowanne ta kai tan 52. Aikinsu su ɗaga ƙazantar zuwa babban tafki, a sake ta cikin kogi idan ruwan teku ya fara janyewa. Wasu dattawa 'yan sa kai ne suka yi shekaru suna kankare tsatsa har ɗaya daga cikin injinan ya sake motsi. Ɗaya daga cikinsu, hannunsa duk baƙin mai, ya zaga da ni, kuma bai ɓoye aibin tsarin ba: ba tace ƙazantar ake yi ba a lokacin, tura ta ake yi ga na ƙasa. A 1878 jirgin fasinja Princess Alice ya nutse a kusa da nan jim kaɗan bayan an saki ruwan, mutum sama da 600 suka hallaka. Bayan wannan aka fara ware dagwalon kafin a zubar.

Kafin aikin ya kammala kwalara ta sake dawowa sau ɗaya. A 1866 tashar Abbey Mills ta arewacin kogi ba ta gama ginuwa ba, gabashin birnin bai shiga tsarin ba, kuma a nan cutar ta fi sauka, ta kashe kusan mutum 5,600 a faɗin Landan. Farr ya duba alƙaluman mako sai ya ga matattun sun taru a yankin da kamfani guda ke ba wa ruwa, na Gabashin Landan. Nan da nan aka manna takardu a bango cewa kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha. Bincike ya nuna kamfanin ya saki ruwan da ba a tace ba daga buɗaɗɗun tafkunansa na Old Ford, a gefen ƙazamin kogin Lea. An nemo Whitehead ya taimaka wajen bin gidaje. Farr, mutumin iska, ya rubuta cewa ruwa ne. Na bi wata doguwar hanyar masu ƙafa da keke da aka shimfiɗa a kan magudanar arewa, daga wajen Old Ford har na hango ƙubbar Abbey Mills. Tun daga wannan shekara kwalara ba ta sake yi wa Landan annoba ba.

Duk wannan an yi shi ba tare da an yarda da ƙwayar cutar ba. Filippo Pacini ya gan ta a madubin likita a birnin Florence tun 1854, ba wanda ya saurare shi. Sai da Robert Koch ya bi ta Masar a 1883 da Kalkata a 1884 sannan duniya ta karɓa. Magani mai arha kuma daga ƙasar da cutar ta fito ya zo. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh da ke Bangaon, ruwan ƙarin jini ya ƙare wa likita Dilip Mahalanabis, sai ya sa 'yan'uwan marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari a kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Nau'in da ke addabarmu yau sunansa El Tor, sunan wata tashar killace alhazai a gaɓar Sina'i inda aka fara gano shi a 1905 a jikin masu dawowa daga Makka. Ya fara zagaya duniya daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ya shigo Afirka ta Yamma a 1970, shekarar da ta biyo ya kai yankin tafkin Chadi, kuma bai fita ba. A 1991 ya kashe sama da mutum 7,000 a Najeriya. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna kan gaba. Waɗannan su ne waɗanda suka kai asibiti ko labarinsu ya kai. Da daddare na karanta wa Yaya alƙaluman, ta ce, "Wanda ya rasu a ɗakin uwarsa da asuba, aka kai shi makwanci kafin azahar, wa ya rubuta shi? Ai ka san yadda muke yi." Masana suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. Gidaje nawa ne a tsofaffin unguwanninmu tsawonsu gaba ɗaya ya kai haka? Ramin gida mai lamba 40 yana nan a dubban gidajenmu, kuma damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta haɗa shi da rijiya.

Magudanai irin na Bazalgette aikin hukuma ne, kuma haƙƙi ne a ci gaba da nemansa ba gajiya. Amma aikin Whitehead muna da masu yinsa a kowace unguwa, ba mu dai ba su alƙalami ba. Da na dawo gida na je gaishe da limamin unguwarmu bayan sallar la'asar, na ba shi labarin malamin cocin nan da jaririyar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, babu gawar da ke fita daga unguwar nan ban tsaya a kanta ba. A shekarar amai da gudawar nan na san layin da aka fara, na san gidajen da aka yi biyu-biyu, har masu wankan gawa sai da muka gargaɗa su riƙa wanke hannu da sabulu. Amma ba wanda ya taɓa tambayata."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, da za a kawo littafi, za a iya rubutawa?"

Ya ce rubutu ba wuya, ko da ajami ne, amma wa zai zo ya karanta? Na gaya masa kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka wanda aikinsa ke nan, kuma za mu nemi mai unguwa ya raka mu wurinsa. Ya ce to in sayo littafi mai kauri, in ja layukan da kaina. Na lissafa masa: suna, shekaru, gida, ranar fara ciwo, ranar rasuwa. Shi ya ce a ƙara na shida, inda gidan ke samun ruwa, kuma a raba rijiyar gida da burtsatse da na 'yan garuwa, domin a unguwarmu gida ɗaya yakan sha duka ukun a mako guda.